RX 6700 XT guda ɗaya ko RX 580 guda biyu? Abin da na gani da idona a Zariya

Na sayi katin girafik (wato katin da ke zana hoton wasa a kwamfuta) RX 6700 XT na hannu a wani shago a Sabon Gari, kuma tun da na saka shi 'yan gem ɗinmu ke ta tambayata wai me ya hana ni ƙara RX 580 ɗaya a kan wanda nake da shi tunda ya fi araha nesa ba kusa ba. To na gwada haɗa biyun kafin in sayi wannan, ba labari aka ba ni ba, kuma a yadda wasanni suke yanzu kati ɗaya mai ƙarfi ya fi biyu masu matsakaicin ƙarfi, babu ma haɗi. Amma na san yadda lissafin kati biyu yake da daɗi a baki, don ni ma ya ja ni, shi ya sa zan ɗan tsaya a kansa sosai kafin in zo kan katin da shagon.

Lissafin dai ga shi. RX 580 ya cika kasuwa, duk shagon kayan kwamfuta da ka leƙa daga PZ har Samaru da wuya ka rasa shi a cikin gilas, wani a leda wani haka nan tsirara ko kwali babu. Dalilin sananne ne, katin ya fito tun 2017 a kan dala 229 mai 8GB ɗin, masu haƙar kuɗin kirifto suka yi masa rubdugu suka jera su a ɗakuna suna haƙar Ethereum dare da rana, sai a watan Satumban 2022 Ethereum ya canza tsari ya daina buƙatar katin girafik kwata-kwata, shikenan aka kwashe su aka zubo kasuwa, su sauka Legas ko Kano daga nan su gangaro mana. To kai mai RX 580 ɗaya in ka ga haka sai zuciya ta fara raya maka, ai in na ƙara ɗaya ƙarfi ya ninka, 8GB da 8GB ya zama 16GB, ga shi kuɗin da zan cika bai kai rabin na babban kati ba. Wani abokina mai gidan gem a Samaru shi ya fi kowa zuga ni, kullum maganarsa kenan, "malam sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi fa". Shi ya ba ni aron nasa RX 580 ɗin ma don in gwada, Allah ya saka masa, don da saya na yi da yanzu wani labarin ake.

Injin nawa ba wani abin a zo a gani ba ne, Ryzen 5 3600, madabod B450, ram 16GB, fawa mai wat 650. Abu na farko da mutum zai ci karo da shi shi ne madabod ɗin kansa, wato babban allon da ake jona komai a jikinsa. Ramin kati na biyu in ka kalle shi da ido tsawonsa ɗaya da na sama, amma a yawancin B450 layi 4 kawai ke aiki a cikinsa maimakon 16, kuma ma na tsohon yayi ne mai ƙarancin gudu. CrossFire, wato tsarin haɗa kati biyu na AMD, kamfanin da ke yin katunan RX, yana yarda ya yi aiki a hakan, shi kuwa SLI, irin wannan tsarin na kamfanin Nvidia, sam ba ya yarda sai madabod mai raba layin 8 da 8 kuma mai lasisinsu, irin su X470 ko X570 ko jerin Z na Intel, waɗanda kuɗinsu kaɗai zai cinye rangwamen da kake murna ka samu. Abu ɗaya mai sauƙi da RX 580 shi ne ba ya buƙatar 'yar gadar nan da ake maƙala wa katunan a sama, tun zamanin R9 290 a 2013 AMD suka cire ta, ta cikin madabod katunan ke magana da juna. Na zura na biyun, na jona masa wayar wuta mai baki 8, na shiga Adrenalin, manhajar saitin katin AMD, na kunna CrossFire, kwamfuta ta gan su duka biyu. Har na ɗauki hoto, don gaskiya a ido abin yana da kyau, fanka huɗu a jere.

Sai aka zo wajen wasa.

GTA V ya ƙaru, ba zan ɓoye ba, lambar firem, wato yawan hotunan da ake zanawa a daƙiƙa ɗaya, ta haura sosai a kan yadda take da kati ɗaya. Rise of the Tomb Raider ma haka, don shi masu wasan da kansu suka gina masa goyon bayan kati biyu a DirectX 12, wato hanyar da wasa ke bi ya yi magana da kati. Daga nan kuma fa labari ya ƙare. eFootball, babu. FC, babu. Warzone, babu. Fortnite, babu. Ka buɗe MSI Afterburner, manhajar da ke nuna aikin kati, ka ga na sama yana aiki kusan ɗari bisa ɗari yana huci, na ƙasa yana zaune sifili, fankarsa ma ba ta juyawa, ya zama ɗan kallo a cikin kes. Kuma waɗannan su ne wasannin da muke bugawa kullum, ba wanda ke tara abokai ranar Asabar don a kalle shi yana buga wasan 2015.

Ko a inda ya yi aikin ma akwai abin da lamba ba ta nunawa. Yadda kati biyu ke raba aiki kamar lugude ne a turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya waccan ta ɗaga, kati na farko ya zana firem na 1, na biyu ya zana na 2, na farko ya koma na 3, haka dai. In hannu ya daidaita sai ka ji abin gwanin daɗi, in ɗaya ta ɗan riga ko ta ɗan makara kuwa yawan dakan bai ragu ba amma kiɗan ya ɓaci. Haka nake ji a GTA in ina gudu da mota a cikin gari, lamba a kusurwar allo tana cewa komai lafiya, ido kuma yana ganin wata 'yar sarƙewa tik tik, musamman in na juya kamara da sauri. Firem biyu su fito kusan tare, sai a ɗan jira, sai wasu biyun su fito. Wani lokacin na gwammace in kashe na biyun in buga da ƙaramar lamba amma mai santsi.

Ita kuma maganar 8 da 8 ya zama 16, wannan don Allah a daina yaɗa ta, har masu shago na ji suna faɗa wa yara. Tunda kowane kati shi kaɗai yake zana cikakken hotonsa, dole kowannensu ya riƙe kwafin komai da komai na wasan a cikin nasa mamorin, gini da mota da fuskar mutum da ciyawa. Abin da ke cikin na sama shi ne ke cikin na ƙasa. Wasan 8GB yake gani, ko kati huɗu ka jera 8GB ɗin ne dai. Ka biya kuɗin 16 kana amfani da 8.

Me ya sa sababbin wasanni suka watsar da abin? Ba mugunta ba ce. Yawancin wasannin yanzu kafin su zana firem sai sun leƙa wanda ya gabace shi, da shi suke goge kaifin gefen abubuwa, da shi suke lissafin haske da inuwa, su FSR na AMD da DLSS na Nvidia masu ɗaga ƙaramin hoto ya zama babba don a samu gudu ma duk a kan haka suke tafiya. To in firem ɗin baya yana hannun ɗaya katin, sai an tsaya an kwafo shi ta cikin madabod, ribar da ake nema ta tafi kenan. Ƙari a kan haka, a zamanin DirectX 11 kamfanin katin ne ke zama ya gyara direba, wato manhajar da ke tuƙa katin, wasa bayan wasa don kati biyu su yi aiki, da aka koma DirectX 12 da Vulkan sai nauyin ya koma kan masu ƙera wasan, su kuma suka duba suka ga masu kati biyu ba su taka kara sun karya ba, wa zai ɓata watanni a kansu.

Kuma su kansu kamfanonin sun daɗe da zare hannu, mu ne labari bai iso mana da wuri ba. Abin ya samo asali tun 1998 da Voodoo2 na kamfanin 3dfx, Nvidia ta saye kayansu ta dawo da sunan SLI a 2004, ATI, wadda AMD ta saye daga baya, ta fito da CrossFire a 2005, kuma akwai lokacin da abin ya yi tashe da gaske, mutane na haɗa GTX 970 biyu suna gogayya da manyan katuna. Amma a 2016 da GTX 1060 ya fito babu SLI a jikinsa ko kaɗan, daga 1070 zuwa sama kawai aka bari. A 2017 AMD ta ajiye sunan CrossFire, jerin RX 5000 na 2019 kuwa ba sa yin shi irin na da. A jerin RTX 30 sai 3090 da ƙaninsa 3090 Ti kaɗai ke da wurin jona gada, daga watan Janairun 2021 Nvidia ta daina fitar da sababbin saitin SLI a direba, RTX 4090 da ya fito a 2022 ma ko wurin gadar babu. Don haka in wani ya ce zai haɗa maka GTX 1060 biyu ko GTX 1660 biyu ko RTX 3060 biyu su yi aiki tare a wasa, ka riƙe kuɗinka ka yi masa sallama, ko dai bai sani ba ko kuma ya sani.

Yanzu ga inda abin ya fi shafarmu mu na nan, wato wuta da zafi, don masu yin bidiyon gwaji a Amurka da Jamus ba su san wannan wahalar ba. RX 580 ɗaya yana jan wat 185 in yana cikakken aiki, biyu 370 kenan, ban da furosesa da monita da sauran tarkace, duka-duka kana maganar wajen wat 500. RX 6700 XT kuwa wat 230 ne, duk injin da monita bai wuce 350 zuwa 400 ba. A takarda kamar ba wani abu ba ne, amma je ka tambayi mai inbata. Batir mai 200Ah a kan bolt 12 wat 2400 ke cikinsa na awa ɗaya, kuma in irin mai ruwa ne rabin kawai ya kamata ka sha in kana son ya yi ƙarko, to raba 1200 da 500 ka gani, awa biyu da 'yan mintuna, raba da 350 kuma ka wuce awa uku. Wannan awa gudan ita ce bambancin gama gasar ƙwallo da tsayawa a wasan kusa da na ƙarshe ana kallon baƙin allo. Mai janareta kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya san kowace wat kuɗi ce, wanda ke layin Band A ma tun Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225 ya fara kallon mita da idon basira. Abin haushin kati biyu shi ne ko ta ina ka bi asara ce, in wasan yana amfani da shi yana shanye maka batir, in ba ya amfani da shi kuɗinka na kwance a cikin kes ba ya aikin komai.

Zafi kuwa ba a magana. Katin sama fankokinsa ƙasa suke kallo, daga nan yake shaƙar iska, sai ka zo ka toshe masa hanci da bayan wani katin, tazarar da ke tsakaninsu da ƙyar ɗan yatsa zai shiga. Iskar da yake samu ma mai zafi ce wadda ta taso daga na ƙasa. A watan Maris da Afrilu da ɗaki ke zama tanda tun ƙarfe goma sha ɗaya na safe, na sama yana haura digiri 80 cikin 'yan mintuna, fanka ta ɗau kuka har sai ka ƙara sautin wasa, daga nan katin ya fara rage gudun kansa da kansa don kar ya ƙone. Na cire murfin gefe na kafa masa fankar ƙasa, ya ɗan sauka, amma da hunturu ya za ka yi? Ka bar kes a buɗe a cikin ƙurar Zariya ta watan Disamba ai ka gayyato wa kanka aiki.

Na mayar wa abokina katinsa, na sayar da nawa, na cika kuɗi na nufi Sabon Gari.

Shagon ba zan faɗi sunansa ba, ƙarami ne, laftof ɗin hannu suka fi sayarwa, katunan girafik suna can wani lungu a gilas ɗin ƙasa sai ka durƙusa za ka gan su. Abin da ya burge ni da su shi ne sun bar ni na gwada yadda nake so. Lokacin babu wuta, na ce Alhaji don Allah a tayar mini da inji in ga katin nan yana aiki, ya kalle ni ya yi dariya ya ce "malam sai ka ce mota za ka saya", amma ya sa yaronsa ya tayar. Yaron kuma ya san aikinsa, kafin in ce komai ya ɗauko wani buɗaɗɗen inji da suke gwaji da shi ya zura katin. Na zo da filas ɗina mai GPU-Z da FurMark da HWiNFO, manhajojin duba kati da gwada shi, wannan shawara ce ga kowa, kar ka dogara da abin da ke kan kwamfutar mai shago. GPU-Z ya nuna 12GB GDDR6 da sheda (ƙananan sassan lissafi na cikin katin) 2560, daidai yadda ya kamata. Na saki FurMark na bar shi yana gasa katin muna hira, ina kallon allon ko zan ga ɗige-ɗige masu kala ko layuka ko ya ɗauke, shiru. Na gwada ramukan bayansa ɗaya bayan ɗaya, HDMI ɗaya da DisplayPort uku, na juya fankokin da yatsa in ji ko akwai mai girgiɗi, na duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su, har sunsuna shi na yi, don katin da ya taɓa ƙonewa warin ba ya ɓuya. Alhaji dai na zaune yana jan carbi yana kallona, can ya ce wa yaron "ka ga irin masu sayen da nake so, gobe ba zai dawo mini da rigima ba".

Wannan gwajin na GPU-Z ya fi muhimmanci ma ga masu sayen RX 580, don akwai wanda ake kira 2048SP da aka yi don kasuwar Chaina, sunan 580 ne a jikinsa amma ƙarfinsa na RX 570 ne, na ainihin sheda 2304 gare shi. Wasu kuma masu haƙar kirifto sun canza musu BIOS, wato manhajar da aka dasa a jikin katin, sai ka kai gida direba ya ƙi hawa.

Inda shagon suka gaza kuwa, kuɗin da aka faɗa mini a waya daban, wanda na tarar daban, wai dala ta motsa da safe, kullum dala na motsawa sama amma ban taɓa zuwa aka ce ta sauko an rage ba. Mun dai ja har muka haɗu a tsakiya. Rasit sai da na roƙa, garantin kuma na baki ne na 'yan kwanaki, na sa aka rubuta shi a bayan rasit ɗin tare da lambar jikin katin. Wayar HDMI da suka ba ni kyauta ko gida ba ta kai da rai ba, hoto na zuwa yana ɗaukewa, kyautar dai ta tafi kwandon shara. Babu kwali, a cikin ledar kumfa aka naɗe mini shi na rungume a Keke Napep har gida ina addu'a a kowane rami. Duk da haka zan koma, saboda a kasuwar kayan hannu wanda zai ƙona fetur ɗinsa don ka gwada kaya ya fi mai kwali mai ƙyalli da zai ce maka ka je gida ka gwada.

Katin kansa fa? Ya fito a watan Maris na 2021 a kan dala 479, kuma ƙarfinsa ya ninka na RX 580 ɗaya fiye da sau biyu, wato ko da a ce kati biyun nan suna aiki cif-cif a kowane wasa ba tare da asarar komai ba, wanda ba ya taɓa faruwa, da ƙyar su kamo ƙafarsa. Fawata mai wat 650 ta ɗauke shi ba tare da canji ba, dama ita kamfanin ya ce a yi amfani da ita, wayoyin wutar nan biyu da na jona wa katuna biyu su na jona masa. A 1080p duk abin da na jefa masa yana cinyewa a babban saiti, a 1440p ma yana tafiya lafiya lau, nan ne ma ainihin gidansa. GTA ɗin da ke sarƙewa yanzu sumul. Red Dead Redemption 2 da a da nake rage komai don ya motsa, yanzu na ga ashe dokin ma gashi gare shi. Ba wani shiga saiti ka kunna wannan ka kashe wancan, ka buɗe wasa kawai ka buga. Ga 12GB na gaske wanda wasa ke gani dukkansa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne yanzu da sababbin wasanni ke cika 8GB har ya tumbatsa.

Akwai ma abin da ya wuce maganar gudu. Wasu sababbin wasannin sun fara neman fasahar da RX 580 ba shi da ita a jikinsa sam. Alan Wake 2 na 2023 wahala yake ba tsofaffin katuna sosai, Indiana Jones and the Great Circle na ƙarshen 2024 kuwa sai katin da ke da re tiresin a jikinsa, wato fasahar lissafin haske da inuwa kamar na zahiri, in babu ko buɗewa ba zai yi ba, ko guda nawa ka jera. Kuma tun wajen ƙarshen 2023 AMD ta ware su RX 580 gefe a maganar direba, ba sa samun sabuntawa akai-akai kamar sababbi.

Shi ma RX 6700 XT ɗin yana da laifinsa. Re tiresin ɗin yana da shi amma na shaida ne kawai, in ka kunna a wasa mai nauyi firem sai ya zube, a wannan fannin katunan RTX sun fi shi. Ba shi da DLSS sai FSR, wanda a 1080p hoton yakan ɗan yi dishi-dishi. Yana da wani ma'aunin zafi na biyu na wurin da ya fi ko'ina zafi a cikin cif ɗin, wannan lambar in ka fara ganinta gabanka zai faɗi don tana shiga 90 da wani abu, AMD sun ce har 110 bai fita ƙa'ida ba, amma ni hankalina bai kwanta ba sai da na kai aka canza masa man nan da ake shafawa tsakanin cif da ƙarfen sanyaya, aka busa masa iska, ya sauko. Na kuma ɗan rage masa bolt a cikin Adrenalin, zafi ya ragu, jan wuta ya ragu, gudu kuwa ban ga ya canza ba, duk mai amfani da sola ya koyi wannan. Yana da tsawo da nauyi, ka auna kes ɗinka kafin ka je, musamman masu irin kwamfutar ofis ta HP ko Dell da ake sayowa a maida ta ta gem, waɗannan yawanci ba wuri ba fawa. Sai wata siririyar ƙara zii da yake yi in firem ya yi yawa sosai a menu, na ƙayyade firem ɗin ta tafi.

Kuma in kai ɗalibin zanen gine-gine ne a ABU ko injiniya, kana son kati ɗaya ya yi maka gem da aikin makaranta, tsaya ka yi tunani kafin ka bi ni. Manhajoji da yawa na renda (fitar da cikakken hoton zanen 3D) da na AI a kan fasahar CUDA suke tafiya, ita kuma ta Nvidia ce kaɗai, a nan RTX 3060 mai 12GB zai fi maka amfani ko da wannan ya fi shi gudu a wasa. A irin wannan aikin ne ma kati biyu ke da ma'ana har yanzu, manhajar Blender tana iya raba renda a kan katuna biyu ba tare da wata gada ba kuma lokaci ya ragu da gaske, don shi ba ruwansa da santsin motsi, a gama hoton kawai. Masu laif, wato masu watsa wasa kai tsaye a intanet, ma wasu na ajiye ƙaramin kati na biyu don ɗaukar bidiyo ko ƙarin monita. Wannan daban, ba shi ake nufi ba in ana maganar haɗa kati biyu don wasa.

Wanda kuma ba ya buga komai sai ƙwallo, PES 2021 ko eFootball ko FC a talabijin mai 60Hz, da Mortal Kombat 11 wanda dama a firem 60 aka ɗaure shi, wallahi RX 580 ɗinka guda ɗaya ya ishe ka, kar ka ƙara na biyu kar kuma ka sayi irin nawa, ka sa kuɗin a SSD ko UPS mai kyau. Abokin nawa ma abin da ya yi kenan a ƙarshe, katin da ya ba ni aro ya haɗa masa wani injin daban a shagonsa, yanzu yara huɗu ke bugawa a lokaci ɗaya maimakon biyu, kuɗi na shigowa ta wuri biyu, amma har yau bai yarda ya faɗi a gardamar ba, wai ai dai katuna biyun ne ke aiki. Wanda batirinsa ƙarami ne sosai kuma ya duba RX 6600 mai wat 132 ko RTX 4060 mai wat 115, dukkansu 8GB ne, ba su kai wannan ba amma sun wuce RX 580 da nisa kuma ba za su kwantar maka da inbata ba.

Matsalar da ta rage mini yanzu furosesa ce. A Warzone a 1080p ina ganin katin bai cika aiki ba, yana jiran Ryzen 3600 ɗin ya miƙo masa, wato wuyan kwalbar ya tashi daga kati ya koma can. B450 na ɗaukar jerin Ryzen 5000 in an sabunta BIOS, don haka 5600 nake hari, in aljihu ya yarda kuma 5700X3D. Sabunta BIOS ɗin ne ma ke ba ni tsoro, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar yi madabod ya tafi kenan, sai ranar da batir ya cika taf zan taɓa shi. Na riga na gaya wa yaron shagon in 5600 ya shigo ya kira ni kafin dala ta sake motsawa.